MANJA, MAN GYAƊA DA ALKAMAR ƘASASHEN SANYI

'Yan uwana ɗalibai, ko kun taɓa lura da kwalbar manja da safiyar hunturu? A gidanmu sai mahaifiyata ta tsoma ta cikin ruwan zafi kafin ta sami na miya, alhali man gyaɗa yana nan ruwa-ruwa abinsa. Da na girma na gane cewa wannan bambanci yana cikin abubuwan da ke raba alkamar da za ta tsira da wadda za ta mutu a gonakin Kanada da Rasha da Yukiren.

Kowace ƙwayar halitta ta tsiro tana da siririn tantani da ya kewaye ta, kuma da maiƙo aka gina shi. Sinadaran maiƙon nan iri biyu ne. Wasu miƙaƙƙu ne, suna jeruwa su matse kamar ashana a kwali, don haka da wuri suke daskarewa. Irinsu ne suka kai kusan rabin manja. Wasu kuwa suna da lanƙwasa, ba sa matsuwa, sai su jure sanyi. Su ne suka fi yawa a man gyaɗa.

A ƙasashen can ana shuka alkama kafin sanyi ya kama, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Idan ƙanƙara ta taru tsakanin ƙwayoyin halittarta, sai ta zuƙe musu ruwa su yanƙwane. Tantanin da ya ƙage yakan lalace, abin cikin ya tsiyaye, tsiron ya mutu. To, amma alkama ba ta zama jiran tsammani. Cikin 'yan makonnin da sanyi ke shigowa a hankali, takan ƙara lanƙwasassun sinadaran, musamman wanda ake kira linolenik, domin tantanin ya ci gaba da laushi. Irin da ake kira Norstar, wanda aka fitar a Kanada a 1977, gindinsa kan jure sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri idan ya kammala wannan shiri.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masana sun gano cewa har alkama mai rauni takan ƙara wannan sinadari, don haka sai an haɗa da sukari da wasu furotin da tsiron ke tarawa.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda alkamar Kadawa zafi take tsoro. Ruwanmu shi ne yawancin alkamar burodinmu daga waje take zuwa. A 2003 sanyi da farin da ya biyo baya sun zaftare alkamar Yukiren daga kimanin tan miliyan 20 zuwa ƙasa da 4. Duk shekarar da gonakin can suka gaza, aljihun ɗalibi mai karyawa da shayi da burodi ma yana cikin haɗari.