Daren da na ba da labarin Lugu

Kwanan baya aka gayyace ni wani zaman dare a Yamai, na tara kuɗin gina rijiya a wani ƙauye na ƙasar Arewa. Tsarin zaman shi ne kowane mai magana ya faɗi wata tafiya mai wuya da ya taɓa yi, irin wadda Faransawa ke kira «aventure», sannan a zagaya da ƙwarya. Wani dattijo ya kai mu Bilma tare da ayarin gishiri. Ni kuwa na zaɓi Lugu.

Na faɗa musu yadda ake barin gudron a ƙasar Dogon Dutsi a shiga rairayi, yadda motarmu ta kafe sau biyu, yadda jajayen duwatsu ke tsaye bisa bukkokin kara. Na ambaci dutsen Tunguma, wanda Azna ke kai wa ƙara. Daga nan na shiga tarihi. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, bisa hanyarta ta zuwa tafkin Cadi, ta auka wa garin Sarauniya Mangu. Maharba suka tare ta da kibau, suka ja cikin daji, aka ƙone garin. A watan Mayu Birnin Ƙonni ta ga abin da ya fi haka muni. Ran 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsai da shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe shi da Chanoine.

Aka yi tafi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Akasarin waɗanda ke zaune sun san Sarauniya ne ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980, kamar yadda ni ma na san ta a lise, ko ta fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ko a Arewa ba a ɗauke shi ba, a Burkina aka yi.

Da aka tashi, wani alhaji ɗan kasuwa, mutumin Tibiri, ya riƙe mini hannu.

«Malam, ka kyauta. Amma rijiyar da ka sha a can, gaba nawa ce?»

Na yi shiru. Na sha ruwan, na tuna har ƙwaryar da wata yarinya ta miƙo mini, amma ban leƙa rijiyar ba. Alhaji ya ce a cikin Dallol Mawri ruwa kusa yake, mai lambu da gajeriyar igiya yake ja. In ka hau tudu kuwa sai an sa jaki ko sa, kuma magini da zurfi yake yanka kuɗinsa. Wato ƙwaryar da muka zagaya, a fadama rijiya ce, a tudu wataƙila rabin rami.

Minti ashirin aka ba ni, na ba Voulet goma sha biyar. Alhaji ya zuba jika hamsin, ya ce in na koma in auno masa igiyar.