Araha Ba Ta Ado: Gilashin Kyamara Da Takardar Garanti

Mutanen da suka ce araha ba ta ado, suka kuma ce ba a cinikin biri a sama. Waɗannan maganganu biyu sun girme ni, sun girmi kakana, amma ban ga zamanin da suka fi dacewa da shi kamar wannan namu ba, zamanin da mutum zai zauna a gindin mangwaro a Obi, ya latsa wayarsa, ya sayi kayan da ke ajiye a Ikko ko Dubai ko Hong Kong, bai ga kayan ba, bai ga mai kayan ba, bai kuma san wanda zai riƙe ba in abin ya zo da gardama. Abin da nake so mu tattauna a yau ya shafi 'yan'uwana masu ɗaukar hoto, watau sayen gilashin kyamara, wanda mu 'yan sana'a muke kira lens, ta hanyar intanet a kan farashi mai rangwame. Amma na tabbata mai sayen waya da mai sayen injin ban-ruwa su ma za su tsinci nasu a ciki.

Na shiga sana'ar hoto tun Lafiya da Obi suna cikin Jihar Filato, kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996. A wancan lokaci wanda ke son kayan aiki na kirki sai ya yi guzuri ya tafi Jos ko Kaduna, ya shiga kanti irin su Kingsway ko Leventis, ko ya je wurin wani dillali sananne. Zai ɗauki kayan ya jujjuya, ya leƙa ta ciki, a rubuta masa rasit, a buga hatimi. In abu ya lalace, ya san ƙofar da zai koma ya yi sallama. Gilasan wancan zamani kuwa ƙarfe ne da gilashi kawai, da hannu ake murɗa su, sai su shekara ashirin ba su yi ko tari ba.

Na yau ba haka suke ba. Tun daga 1987, da kamfanin Canon ya fito da gilasansa samfurin EF, aka sa ɗan ƙaramin inji a cikin gilashin kansa, shi ke matsar da madubai gaba da baya har hoto ya fito tangaran. Sauran kamfanoni su ma suka bi wannan hanya. Yanzu a cikin gilashi guda akwai madubai jere, wani 6, wani fiye da 20, ga injin saiti, ga wayoyi sirara kamar gashi, ga 'yan faifan ƙarfe masu buɗe ido da rufe shi, a wasu har da na'urar hana rawar hannu. Ko wanne daga cikinsu ya tsaya, aiki ya tsaya. Kuma ba gyara ne irin na mai rediyo a bakin kasuwa ba, domin kayan gyaran a hannun kamfani da wakilansa suke. Wannan shi ya sa takardar garanti, wadda da ba mu damu da ita ba, ta zama rabin kayan.

To, mene ne garanti? Alkawari ne kamfani ya yi cewa in kayan suka lalace saboda aibin da suka fito da shi daga masana'anta, a cikin wani ƙayyadadden lokaci, galibi shekara guda, zai gyara ko ya musanya ba tare da karɓar ko kwabo ba. Kakanninmu sun san irin wannan, sai dai su mutum suke riƙewa, ba takarda ba. A zangon shanu da na goro, daga Kano har Sabo ta Ibadan, baƙon fatake ba ya ba da dukiyarsa sai maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa, dillali ya shaida, an biya la'ada. In mai saye ya gudu, maigida ke biya. La'adar nan kuɗin lamuni ce. Amma maigidan Ibadan bai taɓa ɗaukar lamunin cinikin da aka ƙulla a Kumasi ba, don ba a gabansa aka yi ba.

Haka garanti yake. Kamfanonin nan sun raba duniya shiyya-shiyya, kowace shiyya da wakilinta, da farashinta, da alkawarinta. Kamfanin Tamron, alal misali, ya ba masu saye a Amurka garantin shekara 6, na Turai kuwa shekara 5 in sun yi rajista, dukansu da sharaɗin an saya a hannun dillalin da kamfani ya amince da shi a can. Kamfanin Nikon ya daɗe yana haɗa gilasansa da garanti mai aiki a ƙasashen duniya, amma daga watan Janairun 2021 ya daina, ya koma ga na shiyya. Saboda haka wani ɗan kasuwa zai je inda kaya ke da sauƙi ya kwaso, ya shigo da su ta bayan wakili, ya sayar da rangwame. Turawa na kiran wannan kasuwa mai ruwan toka, don ba baƙa ba ce, ba kuma fara ba. Sau da yawa kayan na ainihi ne, ba jabu ba. Abin da aka cire daga cikin kwalin shi ne alkawari. A 2015 har reshen Canon na Amurka ya kai wasu irin waɗannan 'yan kasuwa ƙara, yana zargin cewa suna sayar da kaya da lambobin da aka sauya da kuma garantin da ba shi da amfani. In haka ta faru a ƙasar da kotu ke kusa da kowa, ina ga mu?

Ban zargi yaranmu da suke bin araha ba, domin na san abin da ya kore su. A watan Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Kayan hoto kuwa kaf daga waje suke zuwa. Gilashin da yaro zai iya saye da kuɗin riɗin damina ɗaya ya koma sai ya haɗa da doya da agushi. In ya ga an rage masa kashi ɗaya cikin uku, ai dole zuciyarsa ta motsa.

Wani yaro da ya koyi aiki a hannuna, ya kuma buɗe nasa shago, irin wannan ta same shi. Ya ga tallar gilashi mai jawo nesa kusa a wani shafin saye da sayarwa, an rubuta sabo fil, da garantin shekara guda. Ya sayar da riɗinsa, ya aika da kuɗi, kaya suka iso tashar mota a Lafiya cikin kwali mai kyau. Wata huɗu yana aiki lafiya lau, hotunan biki suna fita kamar a taɓa. A wata na biyar, ana saura kwanaki kaɗan Babbar Salla, injin saiti ya fara kuka yana kai da komowa, daga nan ya yi shiru. Ya zo mini da shi a nannaɗe cikin hula, ya ce, "Maigida, duba mini, ko ƙura ce." Na duba, na ce masa, "Yaro, wannan ya wuce ƙura, nemi wanda ya sayar maka."

Ya buga waya, aka ce ya aiko da kayan a duba, amma kuɗin aike nasa ne, kuma sai an tura waje. Da ya nemi adireshin shago, sai wayar ta daina shiga. Ya hau mota ta Akwanga da Keffi zuwa Abuja wurin wani mai gyara, shi kuwa ya ce ba shi da kayan, sai wakilin kamfani a Ikko. Wakili ya duba lambar da ke jikin gilashin, ya ce wannan an yi shi ne don kasuwar wata shiyya, katin da ke cikin kwalin kuma ba hatimi, ba kwanan wata, ba sunan kanti. Za su gyara, amma da kuɗi. Da aka haɗa kuɗin gyara da na mota da na aike, rangwamen nan ya tafi har da ƙari. Abin da ya fi ciwo shi ne Salla ta wuce, bukukuwan bayan Salla sun wuce, masu hidima sun kira wani. A sana'armu kuwa, ranar ɗaurin aure ba ta dawowa.

Wani zai ce, to ina hukuma? Akwai doka, kuma ya kamata kowa ya san ta. Dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Dokar ta ba mai saye ikon mayar da kaya masu aibi cikin wata uku da karɓarsu, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Wannan gata ne babba. Amma gilashin yaron nan a wata na biyar ya tsaya. Ko da a na biyu ne ma, doka tana bukatar wanda za a kama, mai suna da shago da adireshi. Wanda ba shi da komai sai lambar waya da hoto a shafi, ko wanda ke zaune a wata ƙasa, ina za a kai masa sammaci?

Malamanmu na zaure su ma ba su bar wannan babi ba. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san cewa a mazhabar Malikiyya an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, har da sayar da dilar kaya a ɗaure bisa takardar da ta lissafta abin da ke ciki. Ashe cinikin intanet ba baƙo ba ne ga shari'a. Amma an ɗaure shi da sharaɗi: kaya su zo daidai da siffa, a bayyana aibi, wanda kuma ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Saboda haka ɗan kasuwar da ya rubuta garantin shekara guda alhali ya san ba kamfanin da zai amsa, ya siffanta abin da babu, ya kuma ci haram, ko da gilashin na ainihi ne.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a ƙaurace wa intanet. Ko kusa. Mu da ke nesa da manyan kasuwanni ta rage mana wahala ƙwarai. Ba kuma ina cewa duk mai rangwame macuci ne ba. Akwai wanda zai gaya maka gaskiya, ya ce wannan na hannu ne, ko an fare shi daga kwalin kyamara, ko ba shi da garantin kamfani sai nawa na wata uku. Wannan ciniki ne na mutunci, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da nake so a gane shi ne rangwamen nan ba kyauta ba ne, kuɗin lamuni ne aka cire maka, ka zama kai ne maigidan kanka. In ƙaramin gilashi ne mai sauƙin kuɗi, wanda in ya mutu ba zai kai ka ƙasa ba, kana iya ɗaukar kasadar. In kuwa babba ne wanda jarinka duka ke ciki, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin ka aika da ko sisi, tambayi mai kaya: garantin nan na wane ne, na kamfani ko naka? In ya lalace, wane gari, wane titi, wane shago zan kai shi? Ka sa ya aiko maka da hoton lambar da ke jikin gilashin, da ta kwali, da ta kati, ka ga ko sun zo ɗaya, sa'an nan ka nemi wakilin kamfanin a ƙasar nan ya gaya maka ko ya san wannan dillali. Ka tabbata bakin gilashin ya dace da kyamararka, domin tun 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbin baki, RF da Z, waɗanda ba sa hawa tsofaffin kyamarori. In da hali kada ka biya sai kaya sun zo hannu. Da sun zo, haska tocila ta ciki ka duba, gwada saiti kusa da nesa, ka kuma karɓi rasit mai kwanan wata da sunan shago, ka adana shi kamar takardar gona.

Har ila yau a sani, garanti ko na ƙwarai ne ba ya ɗaukar faɗuwa, ko jiƙewa, ko yashi, ko fumfuna. Mu kuwa a nan muna tsakanin abokan gaba biyu: danshin damina mai sa fumfuna ta yi saƙa a cikin madubi kamar gizo-gizo, da ƙurar hunturu mai shiga ko'ina. Wannan kulawa tamu ce, a ajiye kaya a akwati mai rufi da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi, a riƙa fito da su suna shan iska.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana masu hoto na Obi da Agwatashi da Daddare, har zuwa Lafiya da Doma da Keana da Awe, mu koma ga dabarar iyayenmu. Mu riƙa haɗa bukatunmu, mu wakilta mutum guda amintacce ya je wurin dillalin da kamfani ya sani, ya yi ciniki da sunan mutum goma. Mai sayen goma ana rage masa, ana kuma jin kunyarsa ran da ya dawo da ƙorafi. Manyanmu a sana'a kuma su riƙa duba wa yara kafin su saki kuɗi, don gumin damina guda ba abin wasa ba ne. Su kuma kamfanoni da wakilansu, su tuna Nijeriya ba Ikko kaɗai ba ce, su matso da wuraren gyara kusa da mu.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya haɗa mu da abokan ciniki masu amana, Ya kuma ba mu haƙurin tambaya kafin biya, amin.