Dokin Ƙarfe A Titunan Abuja: Saye Da Sauƙi, Riƙo Da Wuya

Baƙon da ya nufo Abuja daga Kaduna, da zarar ya bar Dutsen Zuma a bayansa, ya wuce Zuba, ya hau babban titin Murtala Muhammed wanda mutanen gari suke kira titin Kubwa, abubuwa biyu ne za su fara ɗaukar hankalinsa. Na farko shi ne faɗin hanyar da miƙewarta, har direba ya ji ƙafarsa tana ƙaiƙayin taka totur. Na biyu kuwa shi ne motocin sayarwa da aka jera a gefen hanya, daga wajen Kubwa har zuwa Gwarinpa, waɗansu a cikin shinge, waɗansu a ƙarƙashin bishiya an ɗora musu jarka a kai, alamar suna neman mai saye.

Galibinsu motocin iyali ne, Toyota da Honda da makamantansu. Amma a kusan kowane shinge akan sami guda ɗaya ko biyu da aka ajiye a sahun gaba domin jan ido. Gajeru ne, cikinsu ya kusa taɓa ƙasa, tayoyinsu masu faɗi, salansa biyu ko huɗu a baya. Su ne motocin tsere, irin su BMW M3 da Mercedes C63 AMG na Jamus, da Ford Mustang da Dodge Challenger na Amurka, da Nissan 350Z ta Japan. A gabansu ne samari suke cin birki, su sauka, su kewaya, su leƙa ta gilashi.

Ba abin mamaki ba ne irin waɗannan motoci su sami masoya a wannan birni. Tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, Abu Ja ne na gidan sarautar Haɓen Zazzau ya kafa ta a 1828, a zamanin da doki ne abin taƙamar namiji. Sabuwar kuwa, wadda ta gaji sunan, dokar soja mai lamba 6 ce ta ran 3 ga watan Fabrairu, 1976 ta haife ta, a zamanin Janar Murtala Muhammed, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. A kan takarda aka fara zana ta tun ba a sa tubali ba, kuma masu zanen sun yi ta ne da mai mota a zuciya. Ko da Janar Ibrahim Babangida ya taso da gwamnati daga Ikko ran 12 ga watan Disamba, 1991, sai ma'aikatan da suka saba da cunkoson Ikko suka tarar da tituna masu faɗi, ga gadoji, ga sarari. Sha'awar da kakanni suke yi wa ingarma ita ce ta dawo kan mota, har ma da doki ake auna ƙarfin injin. M3 ƙirar 2001 zuwa 2006 tana da ƙarfin doki 343, C63 mai silinda 8 kuwa ta haura 450.

To, ɗan mai kuɗi ba shi da damuwa, sabuwa ake kawo masa. Wanda ake magana a kansa shi ne ƙaramin ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai tasowa, wanda ya yi shekara biyu ko uku yana tari, ya zo da niyyar sayen Corolla, sai dillali ya nuna masa motar tsere mai shekara goma sha biyar a kan kuɗi kusan ɗaya.

"Yallaɓai, wannan ai ta manya ce," in ji dillali, yana shafa bayanta da tsumma. "Mai ita tafiya ce ta kama shi. Ka taya kawai."

Sai a tayar da ita, ta yi gurnani kamar zaki, zuciyar saurayi ta narke. Abin da ya kamata ya tambayi kansa a nan shi ne, me ya sa motar da aka sayar sabuwa a kan ninkin kuɗin Corolla sau uku ko huɗu, yau suka zama warin juna? Amsar tana ga 'yan kasuwar kansu. Corolla kowa na so, kowane bakanike ya san cikinta, kayanta kuwa ko a ƙauye akwai. Ita kuwa waccan, masu iya riƙe ta ba su son tsohuwa, masu son tsohuwa ba su iya riƙe ta. Shi ya sa kuɗinta ya faɗi, amma kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake tun tana sabuwa.

Motocin da ke wannan kasuwa iri biyu ne. Akwai wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, wadda Yarabawa suke kira tokumbo, Hausawa kuwa suka saba ce mata 'yar Kwatano ko Beljiyam, akwai kuma ta hannu, watau wadda aka riga aka mora a nan gida. Sunan Kwatano ya samo asali ne daga shekarun da tashar jirgin ruwan Jamhuriyar Benin ta zama babbar ƙofar shigowar motoci. Daga ran 1 ga watan Janairu, 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, aka karkata zuwa tashoshin Ikko, musamman Tin Can. Da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka a wurin gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, irin su Copart. Mota ba ta zuwa irin wannan gwanjo sai da dalili, ko ta yi karo, ko ruwa ya ci ta, kamar dubban motocin da guguwar Harvey ta nutsar a birnin Houston a 2017. Motar tsere kuwa ta fi kowace yawan shiga hannun mai ganganci. Ga masu gyaran jiki da fenti a ƙasar nan, Allah ya hore musu hannu, sai su mayar da rugurguzajjiya kamar amarya.

Saboda haka masu hankali ba su cinikin biri a sama. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba wajen direba. In motar daga Amurka ta fito, da wannan lamba ake binciko tarihinta ta intanet, sau da yawa har da hotunan yadda take ran da aka yi gwanjonta. Sa'an nan sai takardar kwastan. Dole a kai ta ofishin kwastan a tabbatar ta gaskiya ce, kuma an biya kuɗin fito cikakke, domin motar da ba ta da fito, ko shekara nawa ta yi a hannu, ranar da aka tare ta a hanya mai ita ne zai yi bayani. Haka nan a tabbatar sunan da ke takarda shi ne na mai sayarwa, tun kafin a je Mabushi wurin jami'an duba motoci don canjin suna. Wanda ya ba da kafin alƙalami bai ga waɗannan ba, ya sayi rigima da kuɗinsa.

In takardu sun yi daidai, saura binciken bakanike, kuma ba bakaniken dillali ba. Wannan shi ke sa a ratsa gari daga arewa zuwa kudu, a nufi Apo. Tafiyar nan ita ce babbar jarraba. Daga titin Kubwa a gangara Maitama, unguwar jakadu da manyan ƙasa, a bi titin Shehu Shagari, ga Dutsen Aso can yana kallon gari, a wuce Sakatariyar Tarayya da Dandalin Eagle. Kwalta sumul, bishiyoyi a jere, motar tana kwanciya a kwana kamar an ɗaure ta da ƙasa. Duk wanda ya riƙe sitiyarinta a wannan hanya zai rantse an yi ta ne dominsa.

A Apo ne ake farkawa daga mafarki. Ƙauyen makanikai, kamar yadda ake kiransa, wata duniya ce ta daban. Ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, rumfunan kwano sun cika da injuna da giya da ƙofofin da aka kwance daga motocin Turai, ana jin Ibo da Yarabanci da Hausa da Turancin kasuwa a lokaci guda. Kowane gwani da irin motar da ya ƙware a kai, mai Marsandi daban, mai BMW daban. Sai a ɗaga motar a leƙa cikinta, a nemi alamar walda a shasi, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba ko akwai busasshen taɓo ko tsatsa, a sa na'ura ta karanta ƙwaƙwalwarta. A BMW ta waɗannan shekaru akan fara da lagireto da famfon ruwa, domin akwai roba da yawa a jikinsu, ga shi kuwa zafin Abuja a watan Maris yakan haura digiri 35. In injin irin wannan ya yi zafi sau ɗaya sosai, magana ta ƙare.

"Oga, motar ba ta da laifi," haka tsohon bakanike yakan ce in ya fito yana goge hannu. "Amma in kuɗinka duka za ka zuba a cikinta, ka bar ta. Ka rage na taya da birki da baƙin mai."

Gaskiyarsa kuwa. Tayoyinta ba su jure rami, na baya sukan fi na gaba faɗi, ba a musanya su, kuma da wuri suke cinyewa. Baƙin manta na musamman ne. Abin da babu a Apo ko Gudu ko Zuba sai a aika Ladipo a Ikko, in can ma babu sai a jira daga waje, a biya da dala. Dalar da gwamnati take sayarwa wajen Naira 460 a farkon 2023, bayan da aka saki farashinta a watan Yunin wannan shekara sai da ta haura Naira 1,500 a 2024. Shi ya sa a bayan rumfunan Apo ba a rasa ganin irin waɗannan motoci a kan duwatsu, ƙura ta rufe su, suna jiran wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba.

Daga Apo sai gidan mai, inda lissafi na biyu yake jira. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, lita ba ta kai Naira 200 a Abuja ba. A watan Yuli na wannan shekara ta kai 617, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta kai 1,030. Tankin C63 yana cin lita 66. A farashin wancan wata, cika shi sau ɗaya ya tasam ma Naira 68,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne. Bugu da ƙari, waɗannan injuna an ƙera su ne don fetur mai daraja ta sama, wanda a Turai famfonsa daban ne, a nan kuwa kowa tulu ɗaya yake sha. Masu motoci ba su manta da gurɓataccen man da ya shigo a farkon 2022 ba, wanda ya lalata injuna, ya kuma jawo dogayen layuka a Abuja da Ikko.

Amma alƙalin ƙarshe shi ne hanyar gida. Mai ƙaramin ƙarfi ba a Maitama ko Asokoro yake kwana ba. Gidansa yana Nyanya ko Karu, ko Mararraba ta Jihar Nasarawa, ko Lugbe, ko Mpape a kan tudu. In an tashi daga aiki, daga shatale-talen AYA zuwa gangaren Kugbo har gadar Nyanya, tafiyar da ba ta fi minti ashirin ba takan ci sa'a biyu. A nan doki 450 da ɗan acaɓa duk ɗaya ne, sai ma ɗan acaɓa ya riga shi. Injin yana ta shan mai a tsaye, allurar zafi tana hawa. In ya sauka daga kwalta ya shiga layin unguwarsu, ga tudun rage gudu, ga zaizayar damina, kowane ɗaya sai ya kankare cikin motar, mai ita yana jin abin har cikin haƙoransa.

To, ina za a more gudun da aka saya da tsada haka? Doka ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 100 a sa'a a babban titi, 50 a cikin gari, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ba ta ware wa motar tsere nata ma'auni ba. Waɗansu samari sukan taru da yammacin Lahadi, lokacin da tsakiyar gari ya yi tsit, su yi ta wasan mota, suna juyi taya na hayaƙi, 'yan kallo sun kewaye su ba shinge. Hukumomin birnin sun sha yin gargaɗi, sun sha kama motoci. Tsohuwar taya da tsohon birki ba su san ana kallo ba, kuma tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Duk da haka akwai masu riƙe irin waɗannan motoci shekara da shekaru lafiya lau, ba kuwa attajirai ba ne. In an bincika sai a tarar halinsu ɗaya. Sun sayi wadda injinta bai cika girma ba, mai silinda 6, wadda kayanta suke ko'ina a Apo. Sun bar wani kaso na kuɗinsu a ajiye tun ran ciniki. Suna da bakanike ɗaya amintacce, kuma sukan shiga motar haya ko wata 'yar ƙwarya-ƙwarya zuwa aiki, su bar dokin a ɗaure sai ƙarshen mako. Dā ma haka masu dawaki suke yi, ba a zuwa gona kullum da ingarman hawan Salla.

Su dai motocin suna nan a sahun gaba a titin Kubwa, ana wanke su kowace safiya. Wanda ya tsaya a gabansu, kafin ya tambayi dillali nawa, ya fara tuna layin gidansa a watan Agusta, da abin da zai rage a aljihunsa bayan an ce an sallama. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.