Mangalar Ƙarfe: Yadda Wani Dattijo Ya Yi wa Adaidaitarsa Ma'ajiyar Kaya

Bahaushe ba ya zuwa gida hannu rabbana. Ko tafiyar wuni ɗaya ce, sai an ƙulla tsarabar sabulu da sukari da turmin atamfa. A dawowa kuma dangi su haɗo mutum da abin da gona ta bayar: gero, ƙullin kuka, jarkar man gyaɗa, wani lokaci har da kaza a ɗaure. Wannan al'ada ta girmi mota da babur, kuma duk abin hawan da ya shigo ƙasar Hausa sai ya koyi ɗaukarta. Babur mai ƙafa uku, wanda Kanawa ke kira Adaidaita Sahu, wasu kuma Keke Napep, yana cikin waɗanda darasin ya fi yi wa wuya.

Abin mamaki, kakansa ɗan dako ne. A 1948 kamfanin Piaggio na Italiya ya ɗauki gaban babur ɗinsa Vespa, ya haɗa masa tayoyi biyu da mazaunin kaya a baya, ya kira shi Ape. A Amurka ma Harley-Davidson ya ƙera Servi-Car daga 1932 zuwa 1973, da akwati zaune tsakanin tayoyin baya. Da ƙirar Italiya ta isa Indiya, sai Bajaj da takwarorinsa suka sa kujerar fasinja a inda kaya suke zama. Wannan samfurin ne ya iso Legas zamanin da Buba Marwa ke mulkinta a ƙarshen shekarun 1990, ya bazu da shirin yaƙi da talauci na NAPEP da aka kafa a 2001, ya sami sunansa na Kano daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, sannan ya mamaye titunan birnin bayan an hana acaba a farkon 2013. Mutane sun zauna a mazaunin kaya, su kuma kayan suka rasa wurin zama. Abin da ya rage musu shi ne ɗan lungun da ke bayan kujera, a saman inji, wanda jaka ɗaya ke cikawa.

Wani tsohon shugaban makarantar firamare a Kano ya fuskanci wannan matsala bayan ya yi ritaya. Ya sayi babur na hannu da wani kaso na kuɗin sallamarsa, ya ba wani matashi ɗan unguwa yana haya da shi yana kawo balas kullum yamma. Ranar Asabar kuwa shi da kansa yake tuƙawa zuwa ƙauyensu da ke bayan Wudil, inda mahaifiyarsa ke zaune, sau da yawa tare da uwargidansa da jikoki biyu. Kayan tafiyar sukan ƙare a kan cinyoyi da ƙarƙashin ƙafafu, wasu a ɗaure da igiya a duk inda ta sami makama. Yana bukatar ma'ajiya mai rufi wadda fanshonsa zai iya biya.

Matashin ne ya fara kawo shawara, kuma ita ce shawarar da kowa zai kawo: a je wurin mai walda ya ɗora kariya, wato ragar ƙarfe, a kan rufi. "Baba, in aka sa ta, ko daga Singa ko daga Dawanau zan riƙa ɗauko lodi, kuɗin da nake kawo maka ma sai ya ƙaru." Lissafinsa na kuɗi daidai ne. Mai waldar ma ya ce aikin wuni ɗaya ne. Dattijon ya yi shiru, domin abin da ya faɗo masa a rai shi ne jakunan da ya gani yana yaro suna kai taki gona. Ba wanda ke tara kaya tsibi guda a gadon bayan jaki. Ana shimfiɗa akumari, a ɗora mangala, nauyin ya rabu biyu ya sauka ƙasa ta kowane gefe. In ɓari ɗaya ya rinjayi ɗaya, tun kafin a fita gari za a tsaya gyara.

Ilimin kimiyya ya goyi bayan masu jakunan. Abu mai ƙafa uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu, ba ya tangaɗi muddin yana tsaye wuri ɗaya. Sai ya fara gudu ya zo kwana halinsa ke fitowa. Babur mai ƙafa biyu yana kwantawa cikin kwana, shi da mai tuƙinsa. Mota tana da taya a kowace kusurwa huɗu da za ta dogara a kai. Mai ƙafa uku ba ya kwantawa, kuma kusurwoyinsa biyu na gaba fayau suke. In aka ja layi a ƙasa daga tayar gaba zuwa kowace tayar baya, za a sami alwatika mai tsawon kimanin mita 2, faɗinta a baya ya ɗan haura mita ɗaya, tana tsukewa har ta ƙare a tayar gaba. Babur ɗin yana kan ƙafafunsa ne muddin turin da ake yi wa cibiyar nauyinsa bai kai ta wajen wannan alwatika ba. Kwana tana tura nauyi gefe, birki yana tura shi gaba. In direba ya taka birki a tsakiyar kwana, su biyun sukan haɗu su tura nauyin daidai kusurwar da babu taya. Ƙarfin turin kwana kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa.

Tsayin cibiyar nauyi shi ke yanke hukuncin yawan turin da babur zai jure kafin taya ɗaya ta bar ƙasa. A ɗauka, don misali, babur da mutanen cikinsa sun kai kilo 600, cibiyar nauyinsu tana santimita 60 daga ƙasa. In aka ɗora buhuna biyu masu kilo 50 a rufi, a tsayin santimita 180, cibiyar za ta haura zuwa kimanin santimita 77, ƙarin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. In kuma aka shimfiɗa buhunan nan a daɓen babur, a tsayin santimita 35, sai ta sauka zuwa kimanin 56. Kaya iri ɗaya, nauyi iri ɗaya, amma kwanar da ɗaya zai sha lafiya ita za ta kifar da ɗaya. Ga shi kuma rufin Adaidaita tamfol ne da aka ɗame a kan siraran bututu, an yi shi don rana da ruwan sama kawai.

Da aka ajiye maganar rufi, sai mai waldar ya kawo ta biyu: a miƙo ƙarfe ta baya, a rataya akwati a bayan babur. Nan ma akwai tarko. Duk nauyin da ya zauna bayan layin tayoyin baya yana aiki ne kamar sikeli, yana danna baya yana ɗaga gaba. Buhu mai kilo 50 da aka rataya santimita 40 bayan wannan layi zai rage wa tayar gaba kilo 10, ya ɗora wa na baya kilo 60. Tayar gaba kuwa guda ɗaya ce tak, kuma ita kaɗai ke juya babur. In ta yi sauƙi, a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi direba zai karya kai babur ya ci gaba da miƙewa. Bayan wannan, injin irin waɗannan babura a baya yake, da iska yake hucewa, ta nan ake buɗe shi a gyara, ta nan salansa ke fitar da zafi, nan kuma fitilun birki da lamba suke. Akwatin da ya rufe waɗannan ya jawo wa mai shi zafin inji da tsayawa gaban jami'an hanya.

Abin da ya rage shi ne ƙasa, a tsakiya, gaban tayoyin baya. Dattijon ya raba bukatarsa gida uku bisa nauyi. Kaya masu nauyi, wato hatsi da man gyaɗa da ruwa, an yi musu dogon akwati a daɓen fasinja: tsawo mita ɗaya, faɗi santimita 30, tsayi santimita 20, murfinsa ya zama matakin ƙafa ga jikoki. Cikinsa lita 60 ne, abin da zai ci kusan kilo 45 na gero. Tufafi da sauran marasa nauyi sun sami tsohuwar adakar ƙarfe da 'yarsa ta yi makarantar kwana da ita, aka ɗaure ta a lungun bayan kujera, da katako biyu a ƙarƙashinta don iska ta ratsa tsakaninta da zafin inji. Nan ba a ajiye magani ko man shanu, balle fetur. Kayan gyara, wato fulogi da wayar kuloci da famfo da tif, mai ɗinkin tamfol ya ɗinka musu jaka a gefen kujerar direba. Rufi bai sami komai ba sai tabarma da gidan sauro.

An ɗan yi gardama a kan abin da za a ƙera akwatin daɓen da shi. Mai walda ya fi son ƙarfe mai kauri. "Malam, wannan har jikokinka sai sun gaje shi." Sai dai fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya, murabba'in mita ɗaya, yana da nauyin kusan kilo 8. Akwatin da aka auna zai ci fiye da murabba'in mita ɗaya, don haka in aka yi shi da mai kaurin milimita 2 zai kai kusan kilo 18 tun ba a sa masa ƙwayar gero ba. Aka daidaita a kan ƙashi na siririn ƙarfe mai kusurwa, daga guntayen da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa, aka lulluɓe shi da siririn katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa, aka shafe da fenti ciki da waje. Mafi yawan kuɗin ya tafi ne a ladan aiki da kwaɗo.

Wajen kafawa ma dattijon ya ƙi walda, ya zaɓi noti. Jikin babur ɗin falle ne na ƙarfe marar kauri. Wutar walda tana ƙona fentinsa, damina ta farko tsatsa ta kama wurin, ga kuma tankin fetur da wayoyin lantarki a kusa. Kafin a huda daɓe sai da aka leƙa ƙarƙashinsa, domin wayoyin giya da kuloci da hanyar birki duk ta nan suke bi daga wurin direba zuwa baya. Kowane noti an sa masa faffaɗan ƙarfe ta ƙasa don kada gargada ta sa ya yage daɓen, an kuma yanka robar tsohon tif an sa tsakani don ta shanye girgiza. Bayan tafiyar farko aka bi notunan aka ƙara ɗaure su. Akwatin da ba a kafa ba, ko jarkar da ba ta cika ba ruwa na kai-komo a ciki, nauyi ne mai sauya wuri a daidai lokacin da direba ya fi bukatar ya tsaya cik.

Akwai iyakar da babu dabarar da ke ɗaga ta. Irin wannan babur nauyinsa kilo 350 zuwa 400 ne, injinsa kimanin cc 200, an kuma ƙera shi don direba da fasinja uku, abin da ya kama kimanin kilo 300. Kowane kilo na kaya daga cikin wannan kason yake fita. Tayoyinsa ƙanana ne, suna juyawa da yawa suna ɗaukar zafi a doguwar hanya, birkinsa kuma an auna shi ne da wancan nauyi. Wanda ya cika kujerar baya da manya uku, ya zaunar da na huɗu a gefen direba kamar yadda aka saba a cikin gari, ya riga ya cinye rabon kaya. Shi ya sa ranar da uwargida da jikoki ke cikin tafiyar ake cika akwati, ranar da manya uku ne kuwa a bar shi rabi.

Matashin bai ji daɗin rasa kariyar ba, kuma yana da hujja, domin lodin kasuwa ya fi fasinja kawo kuɗi. Dattijon bai yi masa wa'azi ba. Ya rage masa balas ɗin kullum da ɗan abin da zai rufe giɓin, ya kuma bar masa akwatin daɓen a ranakun aiki, inda matan da suka fito cefane ke zuba kayansu maimakon riƙewa a cinya. Ragin ya fito daga aljihun mai fansho, kuma ya san da haka lokacin da ya yanke shawarar.

Wahalar da ta fi ta ƙarfe da noti tana can ƙauye. Bayan girbi, ƙannensa sukan jawo buhu guda cur na gero su jingina da babur, kuma mayar da hannun kyauta baya abin kunya ne. A da sai ya karɓa ya nemi igiya. Yanzu yakan buɗe murfin akwatin ya ce a zuba har ya cika, a ɗinke sauran a ba direban motar kasuwa ya sauke masa a tasha. Ba wanda ya ji an raina kyautarsa, tunda kowa ya ga inda akwatin ya tsaya da idonsa. Mahaifiyarsa ce kaɗai takan tsaya ta duba cewa an bar wa ƙullin daddawarta wuri a saman geron kafin a rufe murfi.