Tsufan Tayar Keke

Hausawa kan yi wa keke kirari da dokin ƙarfe, kuma kirarin ya dace da shi, domin ba ya cin ciyawa, ba ya neman dusa, ga shi da jimirin tafiya. Sai dai wannan doki ƙafafunsa na roba ne, roba kuwa aba ce mai tsufa. Duk nauyin mahayi da na kayansa a kan tayu biyu yake sauka, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai kai tafin hannun yaro ba. A kan wannan ɗan wuri ne da yawa daga cikinmu ɗalibai muke ɗora rayukanmu safe da yamma tsakanin gari da makaranta. Abin da nake so mu duba shi ne yadda taya ke tsufa, da kuma lokacin da ya kamata a ce da ita ta huta.

Kafin a gane tsufan abu sai an san ƙirarsa. Tayar keke sassa uku gare ta. Akwai robar waje mai zane-zane wadda ke gogar ƙasa. A ƙarƙashinta akwai saƙar zare, wadda a da ta auduga ce, yanzu kuwa galibi ta nailan ce. Sannan a bakinta hagu da dama akwai zoben waya mai riƙe ta a jikin ƙarfen ƙafar keke. A cikin wannan riga ne ake zura robar ciki mai riƙe iska. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin taya a zaren yake. Shi ke tare iskar da aka ɗura, robar waje kuwa aikinta ta kāre shi daga rana da ruwa da tsakuwa, ta kuma kama ƙasa.

Ita roba asalinta ƙaron wata bishiya ce ta ƙasar Barazil, wadda ake nomawa har a kudancin Nijeriya wajen Binin da Safele, ko da yake a yau ana haɗa wata daga man fetur. Ɗanyar roba takan yi danƙo da zafi, ta sandare da sanyi. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, shi ya gano a 1839 cewa in aka dafa ta da farar wuta sai ta yi ƙarfi ta riƙe taushinta. A 1888 kuma wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya ɗaura wa keken ɗansa taya mai iska. A 1891 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da wadda ake iya cirewa a yi mata faci a mayar. Ashe ke nan sana'ar mai faci da muke gani a gindin bishiya tana da tarihi.

A ganina tsufan taya iri biyu ne, watau tsufan aiki da tsufan zama. Na farko kowa ya san shi, har harshenmu ya tanadar masa kalmomi. Mukan ce taya ta cinye, ko ta yi sanƙo, idan titi ya goge zanenta ya bar ta sumul. Tayar baya ita ke riga yin sanƙo, domin ita ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ita ce kuma sarƙa ke juyawa. Idan robar ta yi siriri sai tsidau da ƙaya da gutsuren kwalba su riƙa huda ta ba wuya. Mai keken da ya ga ya zama ɗan gida a wurin mai faci, to, tayarsa ce ke yi masa magana.

Tsufan zama shi ne wanda ba mu cika kula da shi ba, shi ne kuma ya fi yaudara. Roba tana lalacewa ko da ba a hau ta ba. Iskar da muke shaƙa tana shiga jikinta a hankali tana sa ta taurare. Hasken rana yana ƙona fatarta. Akwai kuma wani sinadari a cikin iska da masana ke kira ozon, wanda ke tsattsaga roba musamman inda take a miƙe, shi ya sa ake ganin ƙananan tsagu a gefen tsohuwar taya kamar kaushin dunduniya lokacin hunturu. Zafi yana gaggauta duk waɗannan abubuwa, mu kuwa a ƙasar da muke zafin bazara kan haura digiri 40. Man fetur da kananzir da baƙin mai su ma abokan gābar roba ne. Saboda haka keken da ake jinginewa kullum a tsakar rana, ko kusa da injin janareto, tayarsa tana tsufa alhali maigidanta yana aji yana karatu.

Na ga wannan da idona a gidanmu. Wani kawuna yana da keke Raleigh, irin mai manyan ƙafafun nan, ya sa masa sababbin tayu, bai daɗe ba sai tafiya ta kama shi zuwa kudu, ya yi shekaru bai dawo ba. Keken yana jingine a zaure, iska ta sace, nauyinsa ya danne tayun a wuri ɗaya. Da ya dawo ya kakkaɓe ƙura, ya ga zanen tayun raɗau kamar ranar da aka saye su, sai ya tura shi wurin mai faci a ba shi iska kawai. Mai facin dattijo ne. Ya matsa gefen tayar da babban yatsa, sai tsagu suka buɗe baki, zare ya bayyana fari. Ya dubi kawu ya ce, "Malam, wannan ai ta mutu a tsaye. In na ba ta iska, ba ni na kai ka gida ba." Kawu ya yi ta ciniki da shi, yana cewa ko mil hamsin tayar ba ta yi ba. Dattijon bai musa ba, ya dai ƙi taɓa famfonsa.

To, yaushe ne taya ke zama haɗari? Tayar mota tana ɗauke da lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma wasu kamfanonin da ke yin ta suna ba da shawarar kada a yi amfani da wadda ta haura shekara 10. Tayar keke galibi ba ta da irin wannan lamba da kowa zai iya karantawa, don haka ido da yatsa su ne alƙalai. Ƙananan tsagu na saman fata gargaɗi ne, ba su kai a jefar da taya nan take ba. Amma idan tsaga ta yi zurfi har ana hangen zare, ko sanƙo ya kai ga zaren, magana ta ƙare. Haka nan idan taya ta yi ƙullutu a wani gefe, ko tana karkacewa in an juya ƙafar, alama ce zaren ciki ya tsinke, kuma robar ciki tana neman hanyar fita. Idan wayar baki ta leƙo ko ta yi tsatsa, tayar tana iya zamewa daga ƙarfenta. Idan kuma robar ta taurare tana ƙyalli, ba za ta kama jiƙaƙƙen titi da damina ba, kome kyan zanenta.

Ya kamata a san kuma cewa haɗarin gaba da na baya ba ɗaya ba ne. Tayar baya in ta fashe, mahayi kan samu ya tsaya da ƙafarsa. Ta gaba in ta fashe, musamman a gangare ko a kwana, kan keke ƙwacewa yake yi, mutum ya faɗi ta fuska, wataƙila a gaban mota. Amma al'adar da yawanmu ita ce mu sa sabuwa a baya saboda kaya, mu tura tsohuwar gaba. Hankali ya fi kwanciya idan mai lafiyar ce a gaba.

Na san abin da ɗan'uwana ɗalibi zai ce, domin aljihunmu ɗaya. Zai ce wanda ke lissafin kuɗin abinci da na takardu ina ya ga na taya? Wannan gaskiya ce, kuma ita ta haifi dabarun da muke gani: a yanko guntun tsohuwar taya a shimfiɗa a ciki, ko a nannaɗe wurin da ya kumbura da roba kamar mai ɗaurin karaya. Dabarun nan suna kai mutum gida ranar da abin ya faru, kuma iyakarsu ke nan. Faci maganin robar ciki ne, ba ya mayar da zaren da ya tsinke. Kuɗin taya ɗaya kuwa, kome tsadarta, bai kai na ɗaurin hannu da asarar zangon karatu ba. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.

Abin daɗin shi ne, tsawaita ran taya ba ya cin kuɗi. A riƙa ba ta isasshiyar iska, domin taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi har zarenta ya gaji. A ajiye keke a inuwa, nesa da mai. Wanda zai tafi dogon hutu ya rataye shi, ko ya kifa shi, don kada nauyi ya zauna a kan taya. Mai sayen sabuwa ya lanƙwasa ta a hannu ya duba, domin wadda ta shekara tana rataye a ƙofar shago ta fara tsufa tun ba ta taka ƙasa ba. Sannan ko sau ɗaya a mako mutum ya durƙusa ya juya ƙafafun kekensa, ya bi su da ido da yatsa.

Tsohuwar taya ba ta rasa amfani. Yara suna gara ta a lungu, robar cikinta kuma ana yanka ta a ɗaure kaya. A bar ta ta ƙarasa kwanakinta a can, a sa wa keke wata. Allah ya kiyashe mu haɗarin hanya, amin.