Tsakanin Ɗakina da Zoo Road

Yau ba labari na kawo muku ba, wata shawara ce ta hana ni barci.

Tun da kasuwar littafi ta ja baya, makaranta suka koma WhatsApp, nake zaune a ɗakina a Gyallesu ina yi wa wani kamfani fassara ta intanet. Kuɗi na shigowa duk ƙarshen wata, ga ni kusa da Inna da ciwon ƙafarta. Kwatsam sai wasu samari suka buɗe ɗan kamfanin fim a Zoo Road, Kano, suna so in jagoranci marubutansu. Ofis kullum har magariba, albashin bai kai rabin abin da nake samu ba. Jeka-ka-dawo kuwa ba zai yiwu ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka.

Kowa cewa yake in yi zamana. Abin da ban faɗa musu ba, shekara biyu ke nan alƙalamina a bushe. Labarin da kuke bi yanzu ma tsohon rubutu ne. Da a motar haya da gidan biki nake tsintar jarumaina, yanzu daga ni sai kwamfuta.

Jiya na sanar da Inna. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "To 'yar nan, wa zai riƙa kai ni asibitin Shika?"

Na rasa amsa. Su kuma yaran ran Litinin suke jirana.