Ruwa ke zaɓar nauyin fatsa

Wanda ya ga hotunan masu kamun kifin tirawut a Ingila zai ɗauka duk harkar a saman ruwa take: ƙwaron bogi yana lilo bisa ruwa, kifi ya taso ya cafke. Hakan na faruwa, amma na ɗan lokaci ne a yini, wata rana ma har magariba ba za ka ga kifi ko ɗaya ya ɗago ba. Sauran lokacin yana can ƙasa, ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, ya raɓe bayan dutse yana jiran abin da za a kawo masa. Abin da ruwan ke kawowa kuwa 'ya'yan ƙwari ne da ba su kai ga yin fiffike ba. Ɗaga dutse a kogin Wharfe na Yokshaya, inda nake zuwa tun da aiki ya zaunar da ni a Leeds, ka kifa shi a tafin hannu. Za ka ga wasu shafaffu sun manne suna sulalewa gefe, wasu kuma sun gina wa kansu ɗan kwaroro da ƙananan tsakuwoyi sun shige ciki. Kamanninsu ake ɗaurawa a fatsa da gashin tsuntsu da siririyar waya, ana ce wa abin nimf.

A kanti launi ake tallata maka, ja da kore da mai ƙyalli. Abin da kogi ya koya mini shi ne launi ne tambaya ta ƙarshe. Ta farko ita ce: wannan abin zai isa wurin kifin kafin ruwa ya wuce da shi? Ruwan kogi ba gudu ɗaya yake yi daga sama har ƙasa ba. Na sama yana sheƙawa, na ƙasa kuwa duwatsu suna riƙe shi, sai ya zama akwai wata 'yar shimfiɗa mai sanyin gudu dab da ƙasa. Nan kifi ke zama, don ba ya son ya ƙarar da ƙarfinsa wajen kokawa da ruwa. A salon da ake kamu kusa-kusa, da doguwar sanda mai ƙafa 10 ko 11, tafiyar nimf daga inda ya faɗa zuwa inda za ka ɗaga shi ba ta wuce 'yan mitoci. Idan ya cinye tafiyar duka yana kan hanyar nitsewa, to ka yi jifa ne kawai, kifi bai ma san ka zo ba.

Shi ya sa ake sa masa ƙwayar ƙarfe a ka, kamar yadda masuntanmu ke jera dalma a bakin raga don ta rufe kifi kafin ya zille. Ƙarafan ba ɗaya ba ne. Tagulla tana da nauyin kusan giram 8.5 a kowane santimita kubik, dalma 11.3, tangistin kuwa 19.3. Ƙwayoyin da ake sayarwa ba zallar tangistin ba ne, amma duk da haka mai girma ɗaya da ta tagulla ta kusa ninka ta biyu, don haka kana iya riƙe nimf ɗinka ƙarami kamar na gaskiya, ya kuma nitse. Akwai wani lissafi da ido ke raina wa. Ƙwaya mai milimita 3 da mai milimita 4, in ka ajiye su a tafi, bambancin kamar ba komai. A ma'auni kuwa babbar ta fi ƙaramar nauyi fiye da sau biyu, domin nauyi ba da faɗi kaɗai yake ƙaruwa ba, ta kowane ɓangare yake kumbura. Saboda haka ƙarin rabin milimita babban mataki ne, kuma da rabi-rabi nake hawa: 2.5, sai 3, sai 3.5.

Yadda ake gane an kai ƙasa, wani dattijo ne ya nuna mini a Wharfe, ƙasa da garin Grassington, washegarin ruwan sama, kogin ya ɗauko launin shayi daga tuddai. Ya tsaya a gefena ya jima bai ce komai ba, sannan ya nuna ɗan zaren mai launi da ake ɗaurawa sama da fatsa don ido ya bi.

"Samari, bar kallon zaren shi kaɗai. Dubi kumfar da ke gefensa. Wa ke gaba?"

Na ce tare suke tafiya.

"To nimf ɗinka na sama tare da kumfa. Ranar da ka ga kumfa ta wuce zarenka ta bar shi a baya, ya shiga ɗakin kifi."

Ya ciro wani daga akwatinsa, siriri, kai baƙi, ya miƙo mini. A jifa na gaba zaren ya yi tafiyar taku ɗaya, sai ya rage gudu kamar an ja masa birki, kumfa ta yi gaba. Can na ji ɗan ƙwanƙwasar dutse a hannu, sau ɗaya. Wannan ne ma'aunin da nake aiki da shi har yau: taɓa ƙasa jefi-jefi daidai ne, taɓawa a kowane taku nauyi ya yi yawa, rashin taɓawa sam bai isa ba.

Abin da ya ba ni ranar bai fi nawa nauyi da wani abin kirki ba. Sirantaka ce ta kai shi. Nimf mai gashin zomo buzu-buzu yana da kyau a ido, yana motsi kamar mai rai, amma kowane silin gashi yana tare ruwa yana rage masa saurin sauka. 'Yan gasar Sifaniya sun bi ta ɗaya gefen da nasu da ake kira perdigón: jiki siriri, an shafe shi da wani danƙo mai bushewa ya yi sulɓi, 'yar wutsiya, shi ke nan. Yana huda ruwa ba tare da gardama ba. Tunanin ma ba sabo ba ne. Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon a kudancin Ingila, ya ɗaura nasa shahararren da gashin wutsiyar wani tsuntsu dangin zabo da wayar jan ƙarfe a maimakon zare, bai yi masa ƙafafu ba, don ya lura ƙwaron gaskiya yana naɗe ƙafafunsa in yana iyo. Ya bayyana shi a littafinsa na 1958, kuma har yau da wuya ka buɗe akwatin mai kamun tirawut ba ka ga jikokinsa ba.

Zaren ƙarshe, wanda ake ɗaura nimf a bakinsa, shi ma yana da bakin magana. Mai kauri ruwan sama ke kamawa ya ja, ya ɗago nimf daga ƙasa komai nauyinsa. Kafin in ƙara ƙwaya nakan fara sauka daga zare mai milimita 0.16 zuwa 0.14, ko in ƙara jefawa can sama da inda nake zaton kifin yake, in ba nimf hanya. Sau da yawa wannan ya wadatar.

Yawancin wannan kula da nauyi daga fagen gasa ya fito. Dokar gasar duniya ta hana maƙala dalma a jikin zare, dole nauyi ya kasance cikin ƙwaron, kuma ƙwayar da ake gani kada ta wuce milimita 4. 'Yan Folan ne suka fara gwanancewa da kamu a ƙarƙashin bakin sanda, 'yan Cek suka koya wurinsu a shekarun 1980 suka gyara, har salon ya ɗauki sunansu. Władysław Trzebunia na Folan ya lashe gasar duniya ta 1989 a Finlan da wannan hanya. Turawan da suka girma da ƙwaron saman ruwa har yanzu wasunsu na yatsine fuska in sun gan ka da tangistin. Tsohuwar rigima ce: G. E. M. Skues ya bar wurin kamunsa a kogin Itchen a 1938 saboda abokan wurin ba su yarda da nimf ba, alhali nasa ko nauyin kirki ba shi da shi. Ni dai ban ga abin kunya a kai wa kifi abinci inda yake ci ba.

Amma akwai gaskiya a ƙorafinsu ta wani gefe, nauyi yana da haraji. Nimf da ya fi ƙarfin ruwansa ba ya tafiya kamar abin da ruwa ya ɗauko, birgima yake yana karo da duwatsu, kuma babban kifi ya san bambancin. Yana maƙalewa, ko da yake fatsar da bakinta ke kallon sama ta rage wannan asarar. In iska ta kaɗo shi ya bugi bakin sanda, yana iya tsaga ta, sandunan kuma ba arha ba. A watan Yuli da Agusta, in ruwa ya ja baya ya yi garau, faɗuwar ƙwaya mai milimita 3.5 kaɗai ta isa ta watsa duk kifin da ke wurin. Kifi na ganinka, mai jar koma. A irin wannan rana ƙaramar ƙwaya mai milimita 2 nake ɗaurawa, ko irin na Sawyer da ba shi da ƙwaya sam, in durƙusa nesa.

Akwatina yanzu ba bisa launi na jera shi ba. Kowane layi girman ƙwaya ɗaya ne, kuma iri uku ko huɗu ne kawai ke maimaituwa daga layi zuwa layi: mai gashin wutsiya, mai gashin zomo, da sulɓaɓɓen Sifaniya. Inda dokar wurin ta yarda da fatsa biyu, mai nauyi na ƙasa, ƙarami mara nauyi na sama da shi da kamar rabin mita, babban ya ja ƙaramin zuwa inda ba zai kai da kansa ba, kuma sau da yawa ƙaramin ne kifi ke ɗauka. Daga bakin kwarin da ruwa ke zubowa da ƙarfi zuwa jelarsa inda ya baje ya lafa bai fi 'yan taku ba, amma nakan yanke in sake ɗauri a tsakani. Da sanyin watan Afrilu, yatsu sun sandare, wannan ƙullin ne mutum ya fi jin ƙyuyar yi, shi ya sa nake ɗaura 'yan zarurruka da nimf ɗinsu tun daga gida, in naɗe su a guntun soso in sa a aljihu.